BABI NA TARA: LIMAN DA MAMU, YADDA SHUGABAN ADDINI DA JAMA'ARSA KE TARBIYYANTAR DA JUNA

9.0 Gabatarwa

Akwai wata magana da Hausawa kan yi idan suka ga malami ya aikata abin da bai dace da matsayinsa ba, wato, "A bi abin da malam ya faɗa, kada a bi abin da malam ya aikata." Wannan magana tana da amfaninta wajen kare martabar ilimi daga kuskuren mai ɗauke da shi. To amma duk wanda ya taɓa tsayawa a sahu ya san cewa a masallaci aikin malam ake bi. Idan liman ya yi ruku'u sai mamu su yi ruku'u, idan ya ɗago su ɗago, ba tare da ya juyo ya yi wa kowa bayani ba. Yaron da ya taso a ƙauye yakan iya salla tun kafin ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, domin ya ga yadda ake yi, kuma gani ya kori ji.

Wannan babi zai dubi shugabancin addini ta wannan fuska, wato ta fuskar abin da ake yi da jiki, kamar tsayuwa da zama da murya da sutura da halartar hidimomin jama'a. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, kamar yadda liman ke horar da jama'arsa, haka ita ma jama'ar take horar da shi, ta hanyar zaɓensa da yi masa gyara da ciyar da shi, wani lokaci ma da ƙaurace masa. An ɗauki ƙasar Tofa ta jihar Kano a matsayin farfajiyar misali. A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar liman da mamu da na'ibi da ladan, tare da asalin kalmomin;
ii. kawo hanyoyin da liman ke yin tasiri a kan jama'a ta hanyar aikinsa;
iii. kawo hanyoyin da jama'a ke yin tasiri a kan liman;
iv. danganta wannan darasi da aikin malamin makaranta.

9.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar "liman" ararriya ce daga Larabci, asalinta "al-imam", wato wanda ke gaba ana koyi da shi. Harafin "l" da ke farkonta ɓurɓushin "al" ne na Larabci, kamar yadda ake samu a kalmomin lahira da lada da labari da littafi da lokaci. Kalmar "mamu" kuwa daga "ma'amum" take, wato wanda ake yi wa limanci. Tushen kalmomin biyu ɗaya ne a Larabci, kuma wannan ya dace da yadda abin yake, domin babu liman sai da mamu. "Na'ibi" shi ne mataimakin liman da ke jan salla idan liman ba ya nan, "ladan" kuma shi ne mai kiran salla da tayar da iƙama.

Hausawa sun kasa limamai gida-gida. Akwai limamin Juma'a, wanda sau da yawa shi ne limamin gari kuma shi ke jan sallar Idi. Akwai limamin hamsu-salawati, wato mai jan salloli biyar a masallacin unguwa ko na ƙofar gida. Akwai kuma limamin tafiya ko na wurin aiki, wanda ake turawa gaba idan lokacin salla ya riski mutane a kasuwa ko a tasha ko a gona.

Idan aka ce "shugabanci a aikace" a wannan babi, ana nufin jagorancin da ake yi da gaɓoɓi a gaban idon mutane, wanda ya bambanta da jagorancin da ake yi da rubutu ko da umarni daga nesa. Alƙali yana iya aika takarda, hakimi yana iya aika jakada, amma liman dole ya zo da kansa sau biyar a rana.

9.2 Farfajiyar Nazari: Ƙasar Tofa

Tofa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, tana yamma da birnin Kano. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 202, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 97,734, wato kimanin mutum 480 ke nan a kowane murabba'in kilomita. Daga cikin garuruwanta akwai Tofa da Doka da Lambu da Langel da Janguza da Yanoko. Tana cikin yankin nan da ya kewaye birnin Kano wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun a shekarun 1960, ya bayyana shi da cewa karkara ce mai cunkoson jama'a, inda ake noma gona kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana riƙe ƙarfinta da takin gargajiya. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne manyan amfanin gona, ga kuma itatuwa irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gonaki.

Wannan yanayin zama yana da tasiri a kan limanci. A irin wannan karkara, unguwanni suna kusa da juna, kowace da masallacinta. Limamin unguwa manomi ne kamar kowa, gonarsa tana iyaka da ta mamunsa, matansa suna biki da matansu, 'ya'yansa suna kiwo da 'ya'yansu. Saboda haka babu abin da zai ɓoye. An san yadda yake biyan bashi, an san yadda yake zaune da iyalinsa, an san ko yana cin iyakar gona. A birni mutum yana iya bin limamin da bai san gidansa ba. A ƙauye kuwa, wanda ya tsaya a gaba da asuba shi ne wanda za a haɗu da shi da hantsi riƙe da fartanya.

9.3 Waiwaye a kan Tarihi

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali ƙarƙashin jagorancin Abdurrahman Zaite. Abin lura shi ne irin muƙaman da aka fara rabawa: an naɗa liman, an naɗa ladan, an naɗa mai yanka dabbobi, an kuma naɗa alƙali. Uku daga cikin huɗun nan ayyuka ne da ake yi a bainar jama'a da murya da hannu. Ke nan tun farkon kafuwar Musulunci a Kano, mutane sun fara saninsa ne ta abin da suka ga ana yi.

Misali na biyu shi ne na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754 zuwa 1817). Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri yadda Shehu yake fitowa majalisin wa'azi da sakin fuska, ya yi wa mutane sallama, ya yi haƙuri da hayaniyarsu da tambayoyinsu. Yana kuma yi musu wa'azi da harsunan da suke ji, wato Fulatanci da Hausa. Mabiyansa sun shahara da sunan "Jama'a", kuma an san su da rawani ga maza da lulluɓi ga mata. Da Sarkin Gobir Nafata ya so karya ƙarfinsu a ƙarshen ƙarni na 18, daga cikin dokokin da ya kafa har da hana ɗaura rawani da yin lulluɓi, domin ya fahimci cewa sutura ce ta mayar da ɗaiɗaikun almajirai rundunar da ake iya gani da ido.

A ɓangaren mata kuma, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru domin ilmantar da matan karkara. Shugabar kowace ƙungiya ana kiranta jaji, kuma ana ba ta malfa da jan ƙyalle a matsayin alamar izini. Jaji takan jagoranci matan garinsu su tafi a ƙasa wurin Nana, su ɗauko karatu su dawo su koyar. Matan da ke biye da ita su ne shaidar jagorancinta, malfar kuma ita ce takardar shaidarta.

9.4 Yadda Liman ke Gina Jama'a

9.4.1 A Cikin Sahu

Makaranta ta farko ita ce sahu. Kafin liman ya yi kabbarar harama yakan juyo ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa. A nan mai gari da ɗan ƙwadago suke haɗa kafaɗa. Mamu ba ya riga liman kabbara ko sallama, idan ya riga shi sallarsa ta ɓaci. Wannan horo ne na bin tsari da ake maimaitawa sau biyar a rana, tun daga ƙuruciya har zuwa tsufa. Haka nan natsuwar liman ko gaggawarsa takan zama ɗabi'ar masallacin gaba ɗaya. Wanda ya saba bin limami mai natsuwa, ko shi kaɗai yake salla a gona za a ga alamar haka a jikinsa. Surorin da liman ya fi yawan karantawa su ne waɗanda tsofaffin da ba su yi makaranta ba suke hardacewa, da irin muryarsa da inda yake tsayawa.

9.4.2 Sutura da Kamala

Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, kamar Risala da Askari da Muhtasar, sun kula da jikin liman matuƙa. Sharaɗi ne ya kasance mai iya cika rukunan salla, don haka wanda ke salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa a farilla. An karhanta limamin masallaci ya ja salla ba tare da mayafi a kafaɗarsa ba, an kuma so mai huɗuba ya dogara a kan sanda. Idan mutane suka yi daidai a ilimi da ibada da shekaru, akan duba har kyawun hali da kyawun tufafi kafin a gabatar da ɗaya. Daga nan ne Hausawa suka sami siffar da suke tsammani ga liman: babbar riga da rawani ko mayafi, tafiya a natse, sassauta murya, da nisantar cin abinci a tsaye a kasuwa ko zaman majalisar gulma. Wannan shi ake kira kamala, kuma ita ke sa a cire takalmi a rusuna a ce, "Allah ya gafarta malam." Matasan da ke zama kusa da shi sukan ɗauki irin ɗaurin rawaninsa da irin gaisuwarsa ba tare da an umarce su ba.

9.4.3 Hidimomin Rayuwa

Bahaushe yana haɗuwa da liman a kowace gaɓa ta rayuwarsa. Shi ke raɗa suna ranar bakwai, shi ke ɗaura aure a gaban waliyyi da wakili da shaidu, shi ke tsayawa a gaban gawa ya yi kabbara huɗu. Akwai ibadu biyu da suka fi fito da wannan matsayi fili. Ta farko ita ce layya. A mazhabar Malikiyya ba a yanka dabbar layya sai bayan liman ya yanka tasa, wanda ya riga shi kuwa nama kawai ya ci. Shi ya sa akan kai ragon liman filin Idi, gari duka yana jiran wuƙar mutum ɗaya. Ta biyu ita ce sallar roƙon ruwa. Idan damina ta yi tsaiko, shuka ta fara yaushi, liman yakan fita da mutane bayan gari a ƙasa, cikin tsofaffin tufafi da ƙanƙan da kai. Bayan huɗuba sai ya fuskanci alƙibla ya juya mayafinsa, maza su ma su juya nasu, da fatan Allah ya juya musu halin da suke ciki. A ƙasa irin Tofa, inda abincin shekara ya rataya a kan ruwan watanni huɗu, wannan rana ce da liman ke ɗauke da fargabar kowane magidanci, kuma ita ce tasa fargabar, domin shi ma geronsa yana gona.

9.5 Yadda Jama'a ke Gina Liman

9.5.1 Zaɓe da Naɗi

Limamin unguwa ba ya naɗa kansa. Dattawa ne kan tura wanda suka amince da karatunsa da halinsa, su ce, "Malam, bismilla." Yakan yi kawaici sau ɗaya ko sau biyu kafin ya shiga gaba. Limamin Juma'a kuwa, bisa al'ada, sunansa yakan bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa fadar sarki, inda ake tabbatar da shi a naɗa masa rawani. Duk da haka, rawani ba ya cika masallaci. A Malikiyya Juma'a ba ta inganta sai da mutum 12 mazauna gari, ban da liman, waɗanda za su kasance tare da shi tun daga huɗuba har zuwa sallama. Wato shari'a da kanta ta rataya ingancin aikinsa a kan halartarsu.

9.5.2 Gyara a Bainar Jama'a

Babu shugaban da ake yi wa gyara a fili kamar liman. Idan ya yi mantuwa, kowane mamu yana da damar cewa "Subhanallahi", ko da almajirinsa ne. Idan aya ta kakare masa ya nemi a tuna masa, na baya yakan ɗora shi. Idan ya miƙe zuwa raka'a ta biyar, wanda ya tabbata an cika huɗu ba ya bin sa, sai ya zauna yana tasbihi. Bayan haka liman ya yi ƙabli ko ba'adi a gaban kowa. Idan alwalarsa ta warware, sai ya janyo wani daga sahun farko ya ƙarasa, shi kuma ya fita. Haka kuma malamai sun yi hani ga liman ya tsaya a wuri mai tudu sama da mamu, sun ce idan girman kai ya nufa da hakan sallarsa ta ɓaci. Duk waɗannan hukunce-hukunce suna tuna wa liman cewa na baya suna da ido da baki.

9.5.3 Tsawon Salla da Lokacinta

Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya ja kunnen Mu'azu ɗan Jabal a kan tsawaita karatu, ya kuma umarci mai limanci ya sauƙaƙa saboda tsoho da mai rauni da mai uzuri. Ke nan gwiwar tsohon da ke sahun farko tana da hannu wajen auna tsawon ruku'un liman. A karkara yanayin noma ma yana shiga ciki. Da damina, sallar Azahar takan jira masu dawowa daga gona, kuma Malikiyya ta so a ɗan jinkirta Azahar domin jama'a su taru. Ranar kasuwa ma tana da nata hukunci. Limamin da bai san lokacin huɗa da maimai da girbi ba, zai riƙa waiwayowa yana ganin sahu ɗaya.

9.5.4 Ci da Sha

Limamin ƙauye galibi ba shi da albashi. Abin da ke riƙe shi, bayan gonarsa, shi ne abin da jama'a ke bayarwa: gayyar noma, damin hatsi da kaka, zakkar kono da ƙaramar salla, goro da ɗan abin sadaka na suna da ɗaurin aure, da kuɗin Laraba idan yana da makarantar allo. Wannan tsari yana da alheri, domin yana sa liman ya zama ɗan gida, wanda yunwar gari take shafa. Yana kuma da haɗari. Bakin da ya ci yakan ji nauyi, kuma mai dami goma ba ɗaya yake da mai dami ɗaya ba a idon mai rauni. Idan rigimar iyakar gona ko rabon gado ta haɗa attajirin da ya yi wa masallaci rufin kwano da marayan da ba su da kowa, a nan ake gane ko jama'a ta gina wa kanta shugaba ne ko ɗan amshin shata. Idan liman ya karkata akan zarge shi shi kaɗai, alhali in ɓera da sata, daddawa ma da wari: jama'ar da ta bar limaminta cikin yunwa ta miƙa shi ga mai ciyar da shi.

9.5.5 Ƙauracewa

Makami na ƙarshe da ke hannun jama'a shi ne ƙafa. Fiƙihu ya karhanta mutum ya yi limanci ga mutanen da ke ƙin sa saboda wani dalili na addini. Bahaushe mai kunya ba kasafai yake tunkarar malami da magana ba. Sai dai a ga mutum ya fara makara, daga nan ya koma masallacin wata unguwa, daga ƙarshe a ga an kafa harsashin sabon masallaci. A inda unguwanni suke kusa da juna kamar ƙasar Tofa, wannan ƙaura ba ta da wuya, kuma kowa ya san ma'anarta.

9.6 Ƙabalu da Sadalu: Misali daga Tarihin Kano

Babu misalin da ya fi nuna nauyin jiki a shugabancin addini kamar taƙaddamar ƙabalu da sadalu. Sadalu shi ne sakin hannuwa a tsayuwar salla, kuma shi ne abin da aka gada a ƙasar Hausa. Ƙabalu kuwa shi ne ɗora hannun dama a kan na hagu. Kowane ɓangare yana da madogara a cikin littattafan mazhaba. A shekarar 1937 Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha (1900 zuwa 1975) a wajen aikin Hajji, daga baya Shehun ya riƙa ziyartar Kano, ya sami ɗimbin mabiya. Shehu Ibrahim yana yin ƙabalu, ya kuma yi rubutu yana kare shi, saboda haka mabiyansa suka ɗauka. Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya wanda ya rasu a 1996, ya yi rubutu yana fifita sadalu. A shekarun 1950 da 1960 maganar ta yi zafi, har ta kai wasu suna ƙin bin limamin da ya saɓa musu, aka kuma sami tashin hankali a wasu garuruwan Arewa.

Darasi biyu ne a nan. Na farko, yadda shugaba ɗaya ya ajiye hannunsa ya sauya tsayuwar dubban mutane, har a ƙauyukan da bai taɓa takawa ba. Na biyu, jama'a ce ke ba alama ma'ana. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, mabiyanta su ma ƙabalu suke yi, don haka ƙabalu ya daina nuna ɗariƙar mutum shi kaɗai. Sai ido ya koma kan wasu alamomi, kamar tsawon wando da gemu da haɗa ƙafafu a sahu da yin addu'a cikin jam'i bayan sallama ko barinta, da kuma rusunawa a gaisuwa. A yau baƙo yana iya shiga masallacin ƙauye, kafin a idar da raka'a biyu ya gane inda liman da jama'arsa suka karkata.

9.7 Sauye-sauyen Zamani

Zamani ya ƙara wa mamu ƙarfi. Tun daga lokacin da aka fara sa tafsirin Shehu Abubakar Gumi a gidan rediyon Kaduna a shekarun 1960, sannan kaset ya zo, sannan wayar hannu, mutumin ƙauye yana jin malamai da yawa yana kwatanta su da limaminsa. Gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa da aka fara a 1986 ƙarƙashin jami'ar Sakkwato, da yawaitar makarantun Islamiyya, sun yaɗa tajwidi da ruwayar Hafsu a inda aka saba da Warshu. Sakamakon haka, akan sami yaro ɗan shekara 15 a sahu na uku wanda ya fi liman iya fitar da haruffa. Wasu limamai sun koma ɗaukar karatu da girmansu, wasu sun ba matasa jan tarawihi, sun riƙe ɗaurin aure da sulhu. Haka kuma buƙatar jama'a ta su fahimci abin da ake faɗa ta sa fassara huɗuba da Hausa ta zama ruwan dare.

Abubuwa biyu sun ƙara nuna cewa limanci yana tare da jiki. A ranar 13 ga Afrilu, 2007, aka harbe Shehu Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar Asuba a masallacinsa na Ɗorayi a Kano. Wanda ke gaba shi ne wanda aka san inda zai tsaya da lokacin da zai tsaya. A Afrilun 2020 kuma, da annobar korona ta sa gwamnati ta hana tarukan salla a Kano na wani lokaci, wa'azi bai tsaya ba a rediyo da waya, amma mutane sun ji babban giɓi, domin ba a bin rediyo salla.

9.8 Darasi ga Malamin Makaranta

Ɗalibin da ke shirin zama malami yana da rabo a wannan nazari ta fuska uku. Da farko, shi ma zai tsaya a gaban jama'a kullum, kuma yara za su ɗauki lokacin zuwansa da suturarsa da irin kalmomin da yake faɗa idan ya fusata kafin su ɗauki abin da ya rubuta a allo. Na biyu, ajin zai gina shi kamar yadda zai gina ajin. Idan yaro ya gyara masa kuskuren ƙa'idar rubutu, ya tuna cewa liman ma ana ce masa "Subhanallahi" ya karɓa, ya yi sujada biyu, girmansa bai ragu ba. Ya kuma auna saurin darasinsa da mai rauni a aji. Na uku, idan aka tura shi ƙauye, zai tarar liman ne ƙofar shiga zukatan iyaye. Maganar sa yara a makaranta, musamman 'ya'ya mata, ta fi karɓuwa idan aka ga 'yar liman da kanta sanye da kayan makaranta. Ba mamaki ma wata rana liman da na'ibi su yi tafiya, dattawa su waiwayo su ce masa, "Malam, bismilla."

9.9 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar liman da mamu, an dubi yanayin zaman ƙasar Tofa, an kuma waiwayi tarihi tun daga zuwan Wangarawa har zuwa zamanin Shehu da Nana Asma'u. An nuna cewa liman yana tarbiyyantar da jama'a a sahu da sutura da hidimomin rayuwa, ita kuma jama'a tana tarbiyyantar da shi ta hanyar zaɓe da gyara da ciyarwa da ƙauracewa. Taƙaddamar ƙabalu da sadalu da sauye-sauyen zamani sun ƙara tabbatar da haka. Don haka mai nazarin al'ada, idan yana son ya san halin wani gari, ya kamata ya dubi liman da sahun da ke bayansa a tare.

Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana asalin kalmomin "liman" da "mamu", sannan ka kawo wasu kalmomi biyar da suka riƙe ɓurɓushin "al" na Larabci.
2. Ta yaya yanayin zaman ƙasar Tofa yake tasiri a kan dangantakar liman da jama'arsa?
3. Kawo hanyoyi huɗu da mamu ke yin tasiri a kan liman, tare da misalai.
4. Tattauna alheri da haɗarin da ke cikin dogaron liman a kan abin hannun jama'a.
5. Wane darasi taƙaddamar ƙabalu da sadalu ta koyar game da alama da ma'anarta?

Jinga

Ka ziyarci wani masallacin unguwa a garinku, ka nemi izinin liman cikin ladabi, ka tattauna da shi da dattawa biyu a kan yadda aka zaɓe shi, da abin da jama'a ke yi masa, da abin da ya sauya a masallacin cikin shekara 20 da suka wuce. Ka rubuta rahoton da bai wuce shafi uku ba, ba tare da ambaton sunan kowa ba.